Kantar Waɗanda Suka Ƙi

Litinin, 3 ga wata, bayan azahar

Sun karɓe makullan. Shekara talatin da takwas suna rataye a ƙuguna, yau Shugabar makaranta ta miƙo hannu ta ce, "Baba, kawo, sai an huce tukuna." Na cire bakwai na ba ta. Takwas ne. Ba ta ƙirga ba, ni kuma ban tuna mata ba.

Zan rubuta yadda aka yi, don kada gobe a ce tsufa ne ya juya mini kai. Mako uku ina gida, an yi mini aikin ido. Yau na dawo da sabon ido, abin da ya fara gani shi ne bangon ɗakin aikin hannu, fari fat, sai warin fenti. Kanta babu.

Wanda bai san kantar nan ba sai ya ce katako ne. Mu muna kiranta kantar waɗanda suka ƙi. Duk abin da yara suka ƙera da hannunsu ya ƙi aiki, ba a jefarwa, can ake ajiye shi. Rediyon da ba ya komai sai huci. Murhun rana da ya ƙona labule ya bar ruwan da sanyinsa. Gadar tsinke da ta karye a bulo na huɗu. Guda ɗari biyu da goma sha ɗaya. Kowanne da ɗan kwali ɗaure da zare, masu shi sun rubuta abin da suka so, da abin da ya faru, da abin da suka gane. Dokata ɗaya ce a ɗakin nan: kafin ka taɓa zarto, je ka gaida kanta.

Sabon malamin kimiyya, wanda yara ke kira Farar Riga don ba ya rabuwa da rigar gwaji, shi ya tare ni da murmushi. Wai, "Baba, ka ga yadda muka gyara? Tarkacen nan ɓeraye sun yi gida a ciki. Mun kira ɗan gwangwan ya kwashe, kwalayen an ƙona."

Na ce, "Har da na can sama, na kusurwa?"

Ya ce, "Wanne?"

Abin da hannuna ya yi bayan nan ba zan rubuta ba. Rigar dai yanzu ba fara ba ce.

Talata, 4 ga wata, da hantsi

An mayar da ni gadin ƙofa. Benci, inuwa, da littafin baƙi. Wai mutuntawa ce, da wani ne da kora.

Laraba, 5 ga wata, bayan la'asar

Na je filin 'yan gwangwan. Mai wurin ya ce, "Baba, ka makara, mota ta kwashe tun makon jiya, an kai narkarwa." Na ce bari in duba. Ya ce duba har ka gaji.

Na duba har na gaji. Zan fita sai na ga abin da suka tokare ƙofar rumfarsu da shi: mariƙin famfo, na katako, da zanen wuƙa uku a gindinsa. Katako ba ya narkewa, shi ya sa ya tsira. Na ce a ba ni. Ya ce, "To da me zan tokare ƙofa?" Na kawo masa dutse da hannuna.

Tsohuwa, matata, ta gan shi a hannuna tun daga tsakar gida. Ta ajiye tsintsiya, ta shige ɗaki.

Alhamis, 6 ga wata, lokacin tara

Ban taɓa zama a aji ba. Baƙaƙen nan da nake jerawa kamar tafiyar kaguwa, a kan teburin ɗakin nan aka koya mini, da fensirin kafinta. Wanda ya koya mini ya ce, "Baba, mai riƙe da kanta dole ya iya karanta kwali." To na iya. Duk ɗari biyu da sha ɗayan suna kaina. Sai dai su kira ɗan gwangwan ya kwashi kan.

Juma'a, 7 ga wata, da safe

Me-ya-sa ta zo bakin ƙofa. Sunan da na sa mata ke nan tun tana aji ɗaya, don ko gaisuwa ka yi mata sai ta tambayi dalili. Yanzu ita ce shugabar rukunin 'yan aji biyar.

Ta ce, "Baba Makulli, ɗaki ba daɗi babu kai. Ba wanda ya san inda magagari yake."

Na ce, "Ku tambayi kwamfuta."

Ta yi dariya, ta zauna a gefen benci, ta kwance mini labari. Farar Riga ya je kwas, an koya musu wai yaro ya fi gane kimiyya in ya ƙera abu da hannunsa. Madalla. Shekara talatin da takwas ina yi, ashe suna gare shi ban sani ba. Ranar Talata, ashirin da biyar ga wata, masu duba makarantu za su zo. In aikin yara ya burge su, a bar ɗakin, har a ƙaro kayan aiki. In bai burge ba, a fasa bango a haɗa shi da zauren jarrabawa. Aikin da suka zaɓa: famfon hannu, a ɗora a tsohuwar rijiyar bayan makaranta, a shayar da lambu.

Na ce, "Silindar a ina za ta zauna?"

"A sama, bakin rijiya. Bututu ya sauka, ta tsotso ruwan."

"Zurfin ruwan fa?"

"Mita biyar. Malam ya auna da kansa."

"Yaushe?"

"Tun farkon shekarar karatu, ana ruwan sama. Yanzu makullin murfin ya ɓata, sai ana gobe baƙi za su zo za a fasa kwaɗon mu ɗora. Me ya sa, Baba?"

Na ce ba komai. Na sa hannu a aljihu na taɓa makulli na takwas.

Allah mai iko. Ban nema ba, ban roƙa ba, ya kawo mini shi har gida.

Asabar, 8 ga wata, da sassafe

Na buɗe rijiya. Igiyata tana nan inda nake rataye ta ƙarƙashin murfi, kowane ƙulli tsawon gaba guda, da gwangwani kife a bakinta don in ji "ɓul" in ya taɓa ruwa. Duk wata nake aunawa, tun kafin a haifi Farar Riga.

Gaba shida da rabi. Da damina uku ne.

Famfon da ke tsotso daga sama, ko gaba biyar da ƙyar yake kaiwa. Ba ni na faɗa ba. A kwalin can na kusurwa aka rubuta, kwalin da ya ƙona.

Na mayar da murfi, na kulle.

Lahadi, 9 ga wata, da rana

Na ci abinci har na nemi ƙari. Tsohuwa ta dube ni ta ce, "Malam, wannan cin ba na lafiya ba ne. Wa za ka yanka?"

Na gaya mata. Ta ce, "Ramin mugunta a gina shi gajere."

Na ce, "Ni na gina? Rijiya ce, na tarar da ita."

Talata, 11 ga wata, lokacin tashi

Farar Riga ya wuce ta ƙofa, ya ce, "Sannu da aiki, Baba." Sabuwar riga ya saya. Na duba littafin baƙi kamar ina neman wani suna.

Kwana goma sha huɗu.

Laraba, 12 ga wata, bayan azahar

Na zaga bayan ɗaki, wai ina duba katanga. Ta taga na hango su. Gaskiya ko ta maƙiyi ce a faɗe ta: ba ya karɓe musu aiki. Wata yarinya ta yanka bututu a karkace, ya bar ta ta sake, har sau uku. Ya tuɓe rigar ma ya rataye a ƙusa. A ƙusata. Da ya zama irin malaman nan masu zana famfo a allo su ce a haddace, da na fi samun sauƙin ƙinsa.

Amma riƙon zartonsa riƙon cokali ne.

Asabar, 15 ga wata, da yamma

Malamai daga makarantu shida suka zo, wai a nuna musu sabuwar hanyar koyarwa. Ni na buɗe musu ƙofa. An cika durom da ruwa, an ɗora famfo a kai, Me-ya-sa ta danna sau huɗu, ruwa ya yi tsalle. Tafi raf raf raf. Wani mai tumbi yana cewa, "Ka ga ilimi!"

Durom. Ko akuya ta miƙa wuya ta sha daga durom.

Ku tafa. Ranar Talata ma akwai tafi, na shirya hannuwana.

Litinin, 17 ga wata, lokacin tara

Me-ya-sa ta sake zuwa. Tafin hannunta duk kanta da ƙuraje, tana nuna mini kamar lambar yabo.

Ta ce, "Baba, ba mu gaida kanta ba wannan karon. Raina bai kwanta ba. Na tuna akwai wani famfo a can sama, tsoho, mai mariƙin katako. Ba na kaiwa wurin. Me aka rubuta a kwalinsa?"

Na ce, "Yarinya, guda ɗari biyu da wani abu, wa zai riƙe? Tsufa."

Ta kalle ni. Ta san ko noti ne ya ɓata a ɗakin nan na san shekarar da aka saye shi. Ba ta ce me ya sa ba. Ta tashi ta tafi.

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Na yi wa yarinya ƙarya.

Talata, 18 ga wata, da safe

Farar Riga ya zo da kansa, ya tsaya a gabana, hannu a baya kamar ɗan aji ɗaya.

Ya ce, "Baba, Shugaba ta gaya mini jiya. Wallahi ban san akwai na ɗanka a ciki ba. Da na sani..."

Na ce, "Sauran ɗari biyu da goma fa? Ka san na 'ya'yan wa ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce yana neman afuwa. Na ce ana son a rufe ƙofa, ya shiga ko ya fita.

Ya zo da haƙuri a baki, kamar wanda ya taka maka ƙafa a layi. Ko sau ɗaya bai ce, me ke rubuce a kwalayen ba. Har yanzu a wurinsa tarkace ne, sai dai tarkacen mamaci.

Kwana bakwai.

Laraba, 19 ga wata, bayan la'asar

Ban so rubuta wannan ba.

Tsohuwa ta tarar da ni ina shafa wa mariƙin nan mai. Ta zauna a bakin ƙofa tana tsince wake, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Ranar Talata wa zai riƙe famfon a gaban baƙi?"

Na ci gaba da shafa mai.

"Na ce wa zai danna? Shi, ko 'yar mutane?"

Na ce shi ya jawo.

Ta ce, "Shi zai ji kunyar kwana biyu, a canja masa makaranta, ya sayi wata rigar. Ɗakin kuma a fasa. Teburin da aka koya maka rubutu a kai a fitar da shi rana. Ka rama, Malam, sannunka. Ɗan gwangwan ya kwashi rabi, kai ka ƙarasa."

Na ce ta bar maganar. Ba ta bari ba. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa tayar da ranar nan ba, sai yau.

Ta ce, "Ni na wanke rigar ɗanmu ranar. Har ƙugu ta jiƙe da gumi."

Shekararsa goma sha biyar. Iyaye sun cika bakin rijiya, ni ina tsaye a baya ina taƙama. Ya danna, ya danna, famfo yana ta shaƙar iska kamar mai asma. Wani ya yi dariya. Bai daina ba sai da malaminsu ya riƙe masa hannu. Mako biyu yana bincike, sai ga shi da kwali: "Mun so mu tsotso ruwa daga sama. Bai hau ba. Mun gane ba famfo ke jan ruwa ba, iska ce ke danno shi daga ƙasa, kuma ƙarfinta yana da iyaka. Wanda zai sake, ya auna rijiya da rani, ya saukar da silinda wurin ruwa." Ya ce, "Baba, sa shi a sama, kada wani ya sake shan abin da na sha." Zai sake ƙerawa in an dawo hutu. Ba a dawo da shi ba, a hutun Allah ya karɓi abinsa.

Kada wani ya sake sha. Haka ya ce.

Na gaya wa tsohuwa waken nan duk tsakuwa ne, ta tsince da kyau.

Alhamis, 20 ga wata, da hantsi

Na shiga ofishin Shugaba ba sallamar kirki, na ajiye makulli na takwas a kan teburinta. Ta dube shi, ta dube ni.

Na ce, "A gwada famfo gobe, a rijiya, kada a jira baƙi. Kuma malamin ne zai danna da hannunsa. Ba yaro ko ɗaya."

Ta ce, "Baba, me ka sani?"

Na ce, "Ni? Ban yi makaranta ba."

Kada wanda ya karanta wannan ya ce na huce. Ban huce ba. Na dai rage wa ramin zurfi.

Juma'a, 21 ga wata, bayan an tashi

Ɗari uku da arba'in da biyu. Na ƙirga.

Da farko yana dannawa yana bayani, wai ku lura da bawul. A hamsin ya daina bayani. A ɗari ya ce a zuba ruwa ta sama, fatar ta bushe. Aka zuba. A ɗari biyu ya kwance bututu ya duba ko yana yoyo, ya mayar. Duk 'yan aji biyar suna tsaye, malamai a bayansu, har mai shara ta jingina tsintsiya. Famfo yana ta shaƙa, ƙwaf, ƙwaf. Rigar ta manne masa a baya. Wani yaro ya ce, "Malam, ko rijiyar ce ba ta je kwas ba?" Aka tuntsire.

Na ɗauka zan ji daɗi har ƙafata. Na ji, ba zan ɓoye ba. Amma sautin nan na san shi, kuma bai canja ba.

A ɗari uku da arba'in da biyu ya saki. Ya juyo, yana haki, ya neme ni a cikin mutane. A gaban kowa ya ce, "Baba, me na yi ba daidai ba?"

Wannan tambayar nake jira tun ranar uku ga wata.

Na ciro igiya na miƙa wa Me-ya-sa. Ta zura har aka ji ɓul, ta jawo, suka shimfiɗa a ƙasa suka auna da tef ɗinsu. Ta ce, "Mita goma sha ɗaya." Sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya dafe goshi ya ce, "Nauyin iska. Mita goma ne iyaka, ko a littafi." Ashe ya sani. Yana cikin littafinsa tun tuni, bai dai taɓa haɗuwa da shi a bakin rijiya ba.

Sai na karanta musu kwalin, daga kaina, kalma bayan kalma.

Me-ya-sa ta matso ta ce a hankali, "Ka ce tsufa."

Na ce, "Ya sake ni yau."

Shi kuma ya ce saura kwana huɗu, silindar nan ta yi ƙiba, ba za ta sauka ba, sai an ƙera siririya, ga sandar ƙarfe mai tsawo da za a nema. Zan taimaka? Na ce da sharaɗi. Shugaba ta ce, "Baba, kada ka wuce gona da iri." Na faɗi sharaɗin. Ya ce ya yarda.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Makullai bakwai sun dawo ƙuguna. Magagari yana bayan ƙofa, inda yake tun shekara talatin.

Ban taɓa musu komai ba. Na zauna, suna yi, in sun kauce in yi gyaran murya. Fatar bawul sau biyar suna yankawa. Shi ma na gyara masa riƙon zarto, ban tausasa ba.

Litinin, 24 ga wata, bayan la'asar

Sandar ta lanƙwashe a haɗi na uku. Sun kwance, sun sake. Bayana kamar an daka.

Talata, 25 ga wata, da yamma

A danni na goma sha tara ruwa ya fito. Ja ne da farko, sannan ya washe. Me-ya-sa ta saki mariƙi ta tara hannu biyu, ta manta da baƙi, ta watsa wa ƙawarta.

Masu dubawa sun sha hannu da Farar Riga, sun sha da Shugaba, sun ɗauki hoto. Babbansu ya ce ɗaki ya zauna. Ni ya miƙo mini jakarsa in riƙe masa. Na riƙe. Ban damu ba.

Na ɗan damu.

Laraba, 26 ga wata, bayan azahar

Yau aka biya sharaɗi. Shi ya auna katakon sabuwar kanta, shi ya yanka, shi ya kafa, yara suna kallo, an hana kowa taimako. Sau biyu guduma ta sami babban yatsansa. Kantar ta ɗan karkace hagu. Ya ce zai gyara, na ce a bar ta haka, a riƙa tunawa da wanda ya yi.

Ya ɗauko famfonsa mai ƙiba zai kai sama. Na ce a'a. Ƙasa, daidai idon 'yan aji ɗaya. Ya zauna ya rubuta kwali da hannunsa, ya sa sunansa, ya ɗaura. Na karanta. Ya rubuta, "Na auna sau ɗaya, kuma ban tambayi wanda ya riga ni ba." Rubutunsa ya fi nawa kyau, wannan kam na ba shi.

Da zai fita ya tsaya a ƙofa ya ce, "Baba, sauran ɗari biyu da goman. In ka faɗa, ni zan rubuta. Ko guda biyar a rana."

Na ce zan duba.

Bayan sun watse na hau kujera, na ajiye mariƙin a sama, a kusurwa. Kwalinsa ni na rubuta, da fensirin kafinta, ya ɗauke ni har la'asar.

Tsohuwa ta ce, "To, ka yafe?"

Ban yafe ba. Gobe ƙarfe takwas zai zo da kwalaye. Da rediyo mai huci za mu fara, kuma sai ya je ya gaida kanta kafin ya zauna.